Duba rufin gida da jirgi marar matuƙi: Abin da yake gani da abin da ke ɓoye masa

Duk shekara, daga ƙarshen Afrilu zuwa watan Yuni, hadarin farko kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma sau da yawa kafin ruwa ya jiƙa ƙasa an riga an yi asarar rufi a garuruwa da dama na Jihar Kano. Washegari jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, kan fita ƙirga gidaje da azuzuwa da shagunan da iska ta yaye, 'yan siyasa su biyo baya da bandir ɗin kwano da buhunan siminti. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, yawancin rufin da ya tashi ya daɗe yana nuna alama, sai dai babu wanda ya hau ya gani.

Ƙaramar Hukumar Rimin Gado, wadda hedikwatarta ke kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano a kan titin Gwarzo, wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 100,000, a garuruwa irin su Gulu da Yalwan Danziyal da Karofin Yashi da ƙauyuka masu yawa da gonaki suka kewaye. A layi ɗaya mutum zai ga soron ƙasa na kakanni, kusa da shi ɗakin kwano, gaba kaɗan kuma sabon gini na wani ɗan kasuwar Kwari ko ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo, wanda ba ya zuwa gida sai ƙarshen mako ko lokacin Sallah. Irin wannan mai gida yakan ji labarin rufinsa ne ta waya, bayan ruwa ya sauka a kan buhunan masara ko a kan gadon mahaifiyarsa.

Hawa rufi don dubawa yana da nasa haɗarin. Kwanon da ya fi yawa a kasuwa yanzu siriri ne, idan babban mutum ya taka shi ba a saitin katako ba sai ya loma, ya bar kwarin da ruwa zai riƙa kwanciya. Tsani yana zamewa, wayar lantarki na ratsa saman gidaje, kuma a watan Afrilu kwano kan yi zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa. Dalilin da ya sa masu harkar gini a ƙasashe da yawa suka koma aika ƙaramin jirgi marar matuƙi ya fara dubawa ke nan.

Mutanen Kano sun riga sun san wannan na'ura. Ita ce mai farfela huɗu da ke shawagi a kan mahaya ranar Hawan Daushe, ita ce masu ɗaukar hoton biki da 'yan fim ke tayarwa. Ƙananan samfuran kamfanin DJI na ƙasar Sin ba su kai giram 250 ba, batirinsu kan ɗauki kamar rabin awa a sama, kuma mai sarrafawa yana kallon abin da kyamara ke gani kai tsaye a fuskar wayarsa. A Amurka, bayan guguwar Harvey da ta afka wa jihar Texas a 2017, kamfanonin inshora sun yi amfani da irin waɗannan jirage wajen duba rufin gidajen masu neman diyya. A Faransa, lokacin gobarar majami'ar Notre-Dame a Afrilun 2019, da su 'yan kwana-kwana suka riƙa bin yadda wuta ke cin rufin. A nahiyarmu, Zanzibar ta fara ɗaukar taswirar tsibiranta da jirage marasa matuƙa a 2016, a Yamai kuma kamfanin Drone Africa Service ya yi aikin ɗaukar hotunan unguwannin da ambaliya ke yi wa barazana.

Abin da kyamara ke nunawa

A kan rufin kwano, hoton da aka ɗauka daga tazarar mita kaɗan yana nuna kusar da ta ɗago kai, da tsatsar da ta zagaye raminta, da mahaɗar da falle biyu suka fara rabuwa, da kwanon ƙololuwa idan ya karkace. Yana nuna ganye da leda da suka toshe magudanar ruwa a inda rufi biyu suka haɗu, wanda shi ne tushen yoyo a yawancin sababbin gidaje masu rufi mai kusurwa da yawa. Ginin da aka ɗaga wa bango ya ɓoye kwanon, kamar yadda ake yayi a yanzu, ya fi kowane buƙatar wannan dubawa, domin daga ƙasa ba a ganin komai sai fenti mai kyau, alhali a bayan bangon ruwa ya samu wurin zama. Haka kuma hoton kan tona asirin rufin da aka danne da duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi, alamar cewa masu gidan sun daina amincewa da kusoshinsa.

Soron ƙasa labarinsa daban ne. Maginan gargajiya kan jera azara ta giginya, su shimfiɗa zana ko asabari, su zuba ƙasa su daddale, tare da ɗan karkatar da saman domin ruwa ya bi indararo ya fita. Daga nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Wannan rufi yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, kuma iska ba ta ɗaga shi. Maƙiyinsa ruwan da ya kwanta ne. Idan indararo ya toshe, ko tsakiyar soron ta lotsa, ruwa zai riƙa tsuma ƙasar a hankali, nauyinta ya ƙaru a kan azara, har a tsakiyar marka, cikin watan Agusta, ya rufto, kuma galibi da dare mutane na barci. Daga sama ana ganin tsagewar yaɓe, da ciyawar da ta tsiro, da tabon da ruwan bara ya bari a inda ya kwanta. Magini mai ido zai karanta waɗannan alamu a hoto kamar yadda zai karanta su da ƙafarsa a kan soron.

Akwai jiragen da ke ɗauke da kyamara mai auna zafi. Amfaninta ya fi fitowa a shimfiɗaɗɗen rufin kankare da aka lulluɓe da kwalta: wurin da ruwa ya shiga ƙarƙashi yakan riƙe zafin rana bayan sauran rufin ya huce, saboda haka da almuru yakan fito da launi daban. Tana kuma gano fallen sola da ya lalace. A kan kwano mai ƙyalli kuwa tana yawan ruɗuwa, kuma tsadarta ta fi ƙarfin buƙatar gida ɗaya.

Abin da ke ɓoye

Duk wanda zai biya kuɗin wannan aiki ya kamata ya fahimci yadda iska ke ɗauke rufi. Idan ta bugi bango ta haura sama da gudu, takan tsotsi kwanon ne zuwa sama, musamman a kusurwoyi da bakin rufi da ƙololuwa. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke fitowa, sai ta cika ɗakin ta turo daga ciki. Ƙarfin nan yana ninkuwa sau huɗu a duk lokacin da gudun iska ya ninka sau biyu. Abin da ke hana rufi tashi shi ne jerin ɗauri: kusa ta riƙe kwano a jikin katako, katako ya riƙe ɗan'uwansa, sannan waya ko rodi ya ɗaure katakon ƙasa a cikin bango. Wanda ya taɓa ganin rufin aji ya sauka a gona ɗungurungum, da kwanonsa da katakonsa a haɗe, ya ga shaidar cewa ɗaurin ƙarshen nan ne ya gaza.

Wannan ɗauri yana ƙarƙashin kwano, kuma kyamarar da ke sama ba ta da hanyar ganinsa. Ba ta ganin gara da ta cinye cikin katako ta bar fatarsa, ba ta ganin ɗanyen katakon da aka yi aiki da shi ya bushe ya saki kusa, ba ta ganin kan azara da ya ruɓe a cikin bango. Waɗannan sai kafinta ya buɗe silin ya shiga da tocila, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, ko magini ya soka ƙarfe a kan azarar. Rufi na iya fitowa tas a hoto mako ɗaya kafin ya tashi. Duk mai jirgin da ya ce ya duba ya tabbatar da lafiyar rufi ba tare da wani ya leƙa ƙarƙashinsa ba, rabin aiki ya sayar da kuɗin cikakke.

Saboda haka ga mai ɗaki biyu da falo, wanda tsani ɗaya ya isa a leƙa samansa, kiran kafinta ya fi araha kuma ya fi amfani. Jirgi yana biyan kuɗinsa ne a babban rufi ko dogon gini: masallacin Juma'a, sito, gidan sama, rumfunan kasuwa, asibiti, makaranta. Yana kuma biya idan maƙwabta goma ko ashirin suka haɗa kuɗi aka duba gidajensu a yini ɗaya.

A gine-ginen gwamnati ne amfanin ya fi girma, kuma a nan ma'aikata ya kamata su saurara. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, kuma gyaran azuzuwa na cikin manyan ayyukan da ke cin kuɗi a wannan fanni. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, tana da makarantu a ƙananan hukumomi 44, kuma babu injiniyan da zai iya hawa rufinsu ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto da jirgi ya ɗauka yana ɗauke da kwanan wata da lambobin wurin da aka ɗauke shi. Idan aka ɗauki makarantun ƙaramar hukuma kamar Rimin Gado a watan Maris, za a iya jera su bisa ga wadda ta fi gaggawa, maimakon bisa ga wanda ya fi kusa da mai sa hannu. Idan aka sake ɗauka bayan ɗan kwangila ya ce ya kammala, za a ƙirga sababbin fallaye a gwada da abin da ke cikin takardar biya. Manhajar kwamfuta tana iya haɗa hotunan da suka hau kan juna ta fitar da faɗin rufi da tsawonsa, wanda ke rage gardama a kan bandir nawa aiki ya ci. Ba kowa ne zai yi maraba da wannan ba, kuma dalilin a bayyane yake.

Izini da haƙƙin maƙwabci

Sayen jirgi a kasuwa bai ba mutum damar tayar da shi inda ya ga dama ba. Tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma dokokinta na 2023 sun ware wa waɗannan jirage sashe na musamman. Mai gida yana da haƙƙin ya nemi ganin takardun wanda zai yi masa aiki. Wanda ke bin titin Gwarzo kuma ya tuna cewa barikin soja na Janguza yana kan hanyar, kuma ba a kusantar bariki ko filin jirgin sama da irin wannan na'ura.

Sai kuma abin da ya fi takarda nauyi a ƙauye. Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. Zaure da katanga suna tsare idon mai wucewa, amma a tsakar gida mata ke girki da wanki ba tare da lulluɓi ba, kuma makewayi da yawa ba su da rufi. Shi ya sa tun da can magini ba ya hawa soro sai an sanar da maƙwabta domin iyali su kintsa. Kyamarar da ke rataye mita goma a sama tana ganin gidaje biyar ko shida lokaci ɗaya, kuma tana ajiye abin da ta gani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidajen 'yan ƙasa, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma tun kafin a kai ga kotu, rigimar da za ta tashi a unguwa ta isa ta hana aikin har abada. Abin da ya dace shi ne a fara da mai unguwa ko dagaci, a faɗa wa maƙwabta rana da lokaci, jirgin ya tsaya ƙasa-ƙasa a kan ginin da ake dubawa da kyamararsa tana kallon rufin, kuma a goge duk hoton da ya kamo gidan wani a gaban mai gidan.

Sanarwar tana da wani dalili. Tun bayan daren 3 ga Disamba, 2023, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi fiye da 80 a Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, mutanen karkara da yawa ba sa jin wannan suna da kwanciyar hankali. Ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ba ta da alaƙa da wancan jirgi, amma ba a tsakiyar firgici ake yi wa jama'a wannan bayani ba.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, bayan hazon hunturu ya lafa, kafin hadari ya fara haɗuwa, yadda za a samu makonnin gyara kafin kafintoci su yi tsada. A tashi da hantsi, domin da tsakar rana ƙyallin kwano yana kashe hoto, kuma yawancin ƙananan jiragen an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, ma'aunin da Kano ke hayewa a watan Afrilu. Mai gida ya karɓi hotunan na asali ba waɗanda WhatsApp ya matse ba, ya nemi hoto ɗaya na rufin gaba ɗaya da na kusa a kowace kusurwa da kowace magudana, sannan ya tabbatar kafinta ko maginin da zai yi gyaran yana tsaye kusa da mai sarrafa jirgin, yana nuna masa inda zai matsa.