Wa Ya Ranta, Wa Aka Ranta Wa?

Bab Makka ƙofa ce ta tsohon birnin Jidda. An rushe ganuwar garin a 1947, amma kasuwar wurin tana nan tana ci. Fatakenmu waɗanda ba su jin Larabci sukan yi ciniki can da Turanci, har a rubuta takardar bashi.

To, jama'a, ga kalmomi biyu masu jawo rigima: borrow da lend. Dukansu aikatau ne, amma kowanne da inda ya fuskanta. Borrow karɓar rance ne, from ke binsa, watau "daga". Lend ba da rance ne, to ke binsa, watau "ga". Mu ma mun rarrabe "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi".

A Turancin kasuwar Kumasi ko Ikko akan ce borrow me, ana nufin "ranta mini". A baki ba laifi. Amma in ka ba mutum Riyal 500, aka rubuta I borrowed da sunanka, ka sa hannu, to kai mai bin bashi ka koma wanda ake bi.

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a rubuta bashi. Saboda haka a nemi amintacce ya karanta takarda kafin a dangwala. Allah ya kiyashe mu da hasara, amin.