Wane Ne Zai Sa Ka Barci a Ɗakin Tiyata?

Idan aka ce za a yi wa mutum tiyata, abin da dangi ke fara tambaya shi ne wane likita ne zai yi fiɗar. Sai a shiga cigiya: wane hannunsa yana da kyau, wane ya yi wa wance ta tashi garau. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyata, da wuya in ji an tambayi wanda ke tsayawa wajen kan majiyyaci, wato likita mai sa barci. Alhali bayan ikon Allah, numfashin majiyyaci da bugun zuciyarsa da gudun jininsa duk shi ke riƙe da su har a gama aiki mutum ya farfaɗo.

Aikinsa yana farawa tun jajibirin tiyata. Zai zo gefen gado ya ce, “Baba, buɗe baki, fito da harshe.” Yana duba ko bututun numfashi zai shige maƙogwaro cikin sauƙi, ko akwai haƙori mai girgiɗi. Zai tambayi hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, har da minshari. Zai tambaya ko ana shan taba, ko tiramadol, ko jiƙo na gargajiya. A nan kunya ba ta da amfani, domin da amsar da aka ba shi yake auna magani. Shi ne kuma ke hana cin abinci na awa 6 kafin aiki. Na sha ganin uwa ta ɓoye kofin kunu a mayafi don tausayin ɗanta, ba ta san cewa mai barcin allura kan yi amai ya gangara huhu ba, kuma hakan na iya kisa.

Ga mai haihuwar tiyata, galibi allurar baya yake yi. Mace za ta zauna a bakin gado, ta rungume matashi, ta lanƙwasa baya. Ya laluba tsakanin ƙasusuwan gadon baya da yatsa, ya soka siririyar allura. Cikin mintoci ƙafafu su yi ɗumi su yi nauyi, amma idonta biyu, tana jin kukan jaririnta. Shi kuwa idonsa na kan na'ura, don jini kan sauka farat ɗaya bayan wannan allura, kunnensa na kan ɗan matsin da aka maƙala mata a yatsa, wanda ƙararsa ke sauya murya da zarar iskar oksijin ta ragu.

Mutumin da ke ɗauke da irin wannan amana ya cancanci a san takardunsa. A Najeriya sai ya yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Daga nan ya shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya ƙara wasu shekaru 5 zuwa 6 yana cin jarrabawa mataki-mataki. Masu ba da shaidar ƙarshe su ne kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Shi ya sa za ka ga FMCA ko FWACS a bayan sunansa. Akwai kuma mai difloma, DA, wadda horonta bai kai wancan tsawo ba. Kowannensu dole ne ya yi rajista da hukumar kula da likitoci, MDCN, ya kuma sabunta lasisinsa duk shekara.

Sai dai ba su da yawa. Ƙungiyar masu wannan fanni ta duniya ta ce aƙalla a samu likita 5 ga kowane mutum dubu 100, mu kuwa ko ɗaya ba mu kai ba, waɗanda ake da su ma sun taru a manyan birane. A asibitocin ƙananan hukumomi, ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman a kan sa barci ne ke riƙe da aikin, kuma sun ceci mata masu naƙuda ba adadi. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya koya da ka, bai da takarda ko ɗaya, ya ɗauki allurar ketamin ya danna wa mutum a ɗakin da babu tukunyar oksijin.

Wannan ya kawo mu ga wurin aikin mai sa barci. Sau da yawa ƙwararre yana aikin gwamnati, sai asibiti mai zaman kansa ya gayyato shi ranar tiyata. Tambayi masu asibitin: ma'aikacinku ne ko gayyato shi za a yi? Zai tsaya har majiyyaci ya dawo hayyacinsa? Idan abu ya rikice da dare, wa za a kira? Akwai oksijin da janareto da jini a ajiye? Idan ana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman, ina za a kai shi? Asibitin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Saura kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, sannan dokar 2022 ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Jihohi ma na da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.  A wannan tsari asibiti ake tantancewa. Saboda haka katinka na inshora ba zai yi aiki ba sai a asibitin da hukuma ta amince ya yi tiyata, kuma galibi sai asibitin da ka yi rajista ya tura ka, an samo lambar izini. Kafin a sa rana, je ofishin inshora na asibitin ka ji ko kuɗin sa barci da magungunansa na cikin abin da za a biya maka, ka nemi a rubuta.

Idan abin gaggawa ne, jini na zuba ko jariri ya gaji, ba a tsayawa neman takarda, a ceci rai tukuna. Amma tiyatar da aka sa wa rana, irin ta gwaiwa ko maƙoƙo ko haihuwar da aka tsara, akwai lokacin bincike. Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi ganin mai sa barcin ido da ido, ka ji sunansa da matakin karatunsa, ka faɗa masa gaskiyar lafiyarka, sannan ka sa hannu a takardar amincewa.