Motar Lantarki Ma Tana Shan Ruwa, Amma Ba Na Rijiya Ba

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, musamman direbobi da bakanikai da yaran mota, domin shirin namu na yau naku ne. Za mu yi magana ne a kan ruwan da ke sanyaya motar lantarki, da abin da ya sa yake raguwa ko da motar sabuwa ce fil, da kuma abin da ya kamata a yi idan hakan ta faru. Ku biyo mu.

(KIƊA YA TASHI, YA LAFA)

MAI GABATARWA: Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis a tsakiyar bazara, ya san wannan al'amari. Mota ta tsaya a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Yaron mota ya suri jarka ya nufi famfon tuƙa-tuƙa da gudu. Direba ya naɗe hannu da tsumma, ya kau da fuska gefe, yana murɗa murfin lagireto a hankali har iskar ta gama fita. Sai a tuttula ruwa, a rufe, a ce bismillah, a kama hanya. Idan babu famfo kusa, ledar fiya wata biyar ta wadatar. Haka muka taso muka tarar, kuma tsofaffin injinan fetur da dizal suna haƙuri da hakan na wani lokaci, kafin tsatsa ta cinye su ta ciki.

To jama'a, wata irin mota na tafe wadda ba ta da wannan haƙurin.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da kowane magidanci ke lissafawa kafin ya bar gida. Shi ya sa hankula suka fara komawa ga abin hawa mai amfani da caji. Tun kafin nan ma, a farkon 2021 aka gabatar da Hyundai Kona a Abuja, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya, a masana'antar Stallion da ke Legas. A lokacin, hukumar tsara harkar motoci ta ƙasa tana hannun Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zanen surar motar Chevrolet Volt. A shekarar ce kuma hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi fice wajen cire wa ƙananan motocin bas injin fetur yana mayar da su na batir.

Gaskiya ne, har yanzu motar lantarki ba ta zama ruwan dare a Ɗanzomo ba. Amma mun san yadda mota ke zuwa mana. Ta fara yawo a Legas da Abuja, ta gangaro Kano, wani ya saye ta hannu na biyu, wata rana sai ka gan ta a tashar Gumel ana kiran fasinja. Kafin ranar ta zo ya kamata mu san halinta, domin tun ran gini ake zane.

(ƊAN KIƊA)

MAI GABATARWA: Wani zai ce, motar da ba ta ƙona mai, me za ta yi da ruwa? Amsar tana cikin aljihunka, malam. Ka tuna yadda wayarka ke ɗaukar zafi idan ka bar ta a shagon caji da rana tsaka. To batirin mota ɗan gidan su batirin waya ne, sai dai shi nauyinsa ya kan kai kilo ɗari uku zuwa ɗari biyar, yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru. Irin wannan batir ya fi jin daɗin aiki idan zafinsa na tsakanin digiri 15 zuwa 35. Mu kuwa a nan, a watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yana haura digiri 40, balle saman kwalta.

Saboda haka aka bi jikin batirin da ƙananan hanyoyin ruwa. Wani ƙaramin famfo na lantarki ne ke tura ruwan, ya kwashi zafi daga batir, ya bi ta na'urar da ke sarrafa wutar, ya bi ta injin da ke juya ƙafafu, sannan ya kai zafin gaban mota inda iska ko na'urar sanyi za ta ɗauke shi. Ko motar na tsaye tana caji, wannan ruwa na kan aiki, musamman a wurin caji mai sauri inda zafi ya fi yawa.

Duniya ta riga ta ga abin da rashin wannan tsari ke jawowa a ƙasa mai zafi. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, batirinta ba shi da hanyar ruwa. A shekarar 2012 masu ita a birnin Phoenix na jihar Arizona, wani yankin hamada a Amurka, suka yi ta ƙorafi cewa batirin yana rasa ƙarfi tun motar ba ta daɗe a hannunsu ba. Zafi ne ya tsufar da shi da wuri. Wanda ya san ranar Maigatari ba sai an yi masa dogon bayani ba.

(ƊAN KIƊA)

MAI GABATARWA: To me ke sa ruwan ya ragu a sabuwar mota? Dalili na farko ba abin tashin hankali ba ne. Lokacin da ake ɗura ruwan a masana'anta, iska kan maƙale a lungunan tiyo. Idan motar ta fara tafiya, famfo ya yi ta juyawa, iskar sai ta taso ta fice, ruwa ya cike gurbinta, sai a ga na cikin robar da ake zuba ruwan ya ɗan sauka. Wannan sau ɗaya yake faruwa, idan aka cika shi ke nan. Na biyu, ruwa yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, don haka ma'aunin asubar hunturu ba zai zo daidai da na azahar ɗin bazara ba.

Na ukun shi ne abin tsoro, wato yoyo. Ko dai wani maɗauri bai kama tiyo da kyau ba, ko famfo na tsiyaya, ko dutse ya bugi ƙasan motar a hanyar burji. Wannan ruwa a rufe yake zagayawa, ba ƙona shi ake yi ba. Idan ka cika yau, bayan mako biyu ka ga ya sake sauka, to wani wuri yake zuwa. In ƙasa yake ɗiga, ka yi sa'a, za ka ga alama a inda motar ta kwana. In kuwa cikin akwatin batir yake tsiyaya, ido ba zai gani ba, kuma can ne wuta mai ƙarfin bolt 400 take, wasu motocin ma 800. Ku tuna, wutar da KEDCO ke kawo mana gida bolt 230 ce.

An taɓa ganin misali. A shekarar 2011 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi wa wata Chevrolet Volt gwajin karo, aka ajiye ta. Bayan kimanin mako uku sai ta kama da wuta. Bincike ya nuna karon ya huda batir, ya fasa hanyar ruwa, ruwan ya zubo a kan kayan wuta. A watan Janairun 2012 kamfanin ya ƙara wa akwatin batirin ƙarfi, ya sa na'urar da ke lura da yawan ruwan, ya kuma sa wani ƙarfe a kan murfin robar don kada kowa ya riƙa buɗewa yana ƙarawa. Hukumar ta rufe binciken tana mai cewa motar ba ta fi ta fetur haɗarin gobara ba. Amma darasin ya zauna: a motar lantarki, ruwa da wuta maƙwabtan juna ne, bango siriri ne a tsakaninsu.

(ƊAN KIƊA)

MAI GABATARWA: Yanzu malam direba, kasa kunne da kyau. Ka riƙa duba ruwan da safe, motar na sanyi, tana tsaye a wuri mai daidai. Robar fara ce ana hango cikinta, da layi biyu a jiki, na sama da na ƙasa. Tsakaninsu ruwan zai tsaya. Wasu motocin roba biyu gare su, kowace da irin ruwanta, kada a gauraya. Wasu kamfanonin, irin su Tesla, sun ma hana mai mota buɗe murfin, sun ce a kai wa masu gyaransu.

Idan alamar gargaɗi ta kama a allon gabanka, kada ka ce bari in ƙarasa Gujungu tukuna. Nemi inuwa ka tsaya, ka leƙa ƙarƙashi, ka kira wanda ya sayar maka. Idan sabuwa ce mai garanti, haƙƙinka ne a duba maka kyauta, kuma zuba abin da ba shi aka ce ba yana iya soke wannan haƙƙi. Kada a sa ta a caji mai sauri sai an gano matsalar. Duk wayar wutar da ka gani mai launin ruwan lemo, kada hannunka ya kusance ta.

Babban roƙona shi ne, don Allah kada a zuba mata ruwan rijiya, ko na burtsatse, ko fiya wata. Ruwanmu yana ɗauke da gishiri da kanwa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke daskarewa su toshe ƙananan hanyoyin nan, su ci jikin alminiyon, kuma su ne ke sa ruwa ya ɗauki wutar lantarki cikin sauƙi. Wasu motocin ma ruwansu na musamman ne da aka haɗa don kada ya ɗauki wuta sosai. Launi kaɗai ba hujja ba ne, shuɗi ba lallai ya dace da shuɗi ba. A duba littafin motar, a sayi wanda aka rubuta. Galan ɗaya yana da tsada, amma batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar baki ɗaya, kuma araha ba ta ado.

Iyaye mata, ku ma da naku a ciki. Wannan ruwa yana da ɗan zaƙi a baki, amma guba ne mai lalata ƙoda. Kada a ajiye ragowarsa a gorar lemo, kada a bar wanda ya zube inda yaro ko akuya za su lasa.

Masu babura da Keke Napep na caji kuwa, yawancinsu iska ce ke sanyaya batirinsu. Ku nema musu inuwa, ku bari su huce kafin ku jona.

(ƊAN KIƊA)

MAI GABATARWA: Magana ta ƙarshe ga iyayen gidanmu bakanikai. Oga, kunnenka ya san kukan inji tun kafin a buɗe bonet, kuma wannan basira ba za ta tashi a banza ba. Amma wannan motar sai da kwamfutar bincike, da safar hannu mai hana wuta, da sanin yadda ake kashe babban layi kafin a sa sifana. Ba kasawa ba ce ka ce wa mai mota wannan aikin ban koye shi ba tukuna. Muna kira ga Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da ƙungiyoyin bakanikai da direbobi, su haɗa kai su fara horar da matasanmu tun yanzu. In ba haka ba, ruwan sanyaya mota kaɗai zai riƙa sa ana janye motoci daga Gumel zuwa Kano, kuɗin aikin kuma ya tafi can. Yaran da suka iya haɗa sola a Ɗanzomo da Gagarawa, za su iya wannan ma idan aka koya musu.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba, musamman a tasha da gareji. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)