Gwajin Na'urorin Sadarwa da Tanadi Domin Gobe

Mazauna Agege masu amfani da mitar wuta ta kati za su tuna da shekarar 2024, lokacin da Ikeja Electric da sauran kamfanonin rarraba lantarki suka yi ta kira ga jama'a da su sabunta mitocinsu kafin ranar 24 ga Nuwamba. Dalili kuwa shi ne kowace lambar sayen wuta tana ɗauke da alamar lokaci, wadda a wancan lokacin take ƙirga mintoci tun daga ranar 1 ga Janairu, 1993. Gurbin da aka ware wa wannan ƙirga ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, watau shekara 31 da 'yan watanni. Saboda haka tilas aka shigar wa tsofaffin mitoci lambobi na musamman kashi biyu, kowane kashi mai lamba 20, domin su ci gaba da karɓar kati.

Akwai darasi a nan ga masu gyaran mita, da sikelin lantarki, da famfon gidan mai: abin da aka ƙayyade ranar ƙira, wata rana zai yi kaɗan.

Yadda Na'urori Ke Magana

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna aika saƙo ta waya ne bi da bi, alama ɗaya bayan ɗaya, kamar jerin gwano. Sanannen tsarin wannan sadarwa shi ne RS-232, wanda aka fito da shi a Amurka a 1960. Dole ne mai aikawa da mai karɓa su daidaita a kan sauri guda, misali alama 9,600 a daƙiƙa, in ba haka ba saƙon ya iso a hargitse. Bayan fitowar USB a 1996, tsohuwar kafar ta yi ta ɓacewa daga jikin kwamfutoci, har ya zama sai da 'yar mahaɗa ake jona su da irin waɗannan na'urori.

Rubutaccen Umarni

Domin gano inda matsala take, mai gyara yakan yi amfani da manhajar gwaji. Yakan rubuta mata jerin umarni: aika tambaya kaza, jira amsa, gwada ta da wadda ake tsammani. Idan an adana wannan rubutu, ana iya maimaita gwajin sau ɗari ba tare da an sake wahala ba.

Abin Lura Kafin Saye

Na farko, a tabbata ana iya gyara umarnin da hannu, kuma ana adana shi cikin rubutu zalla wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa.

Na biyu, a tara sunan kafa, da sauri, da kwanan wata a wuri guda a farkon rubutun, yadda in an sake na'ura layi ɗaya kawai za a canza.

Na uku, a tambayi mai sayarwa ko sabon fitowar manhajar zai karɓi tsofaffin umarni, a kuma gwada tun kafin a biya, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga ƙarshe, maigidan shago ya ajiye kwafi biyu tare da bayani a kan kowane umarni, domin yaran da ke koyon sana'a su iya ci gaba da aikin ko ba ya nan. Hausawa sun ce, ran gini ran zane.