Yoyon Ruwan Lagireto A Tsohuwar Marsandi Da Fijo

Duk wanda ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi kudu zai ga garejin kanikawa a Kakuri da Makera da Barnawa, har zuwa Sabon Tasha. Ba a rasa tsofaffin motocin alfarma a waɗannan wurare. Akwai Mercedes-Benz, wadda aka fi sani da Marsandi. Akwai kuma Peugeot 504 da 505, wato Fijo. A da motocin manyan ma'aikata ne da attajirai. Yanzu sun tsufa, kuɗinsu ya sauko. Manomi yakan sayar da masara ko citta bayan kaka, ya shigo gari ya sayi ɗaya ya tafi da ita ƙauye.

Fijo 'yar gida ce, domin a Kakuri aka fara harhaɗa ta a shekarar 1975. Marsandi kuwa daga Jamus take. Samfurin nan da ake kira Bi-but ya fito ne a 1984, kuma ko wadda aka ƙera a ƙarshe ta haura shekara 25. Ƙarfen waɗannan motoci yana da ƙarko ƙwarai. Amma roba ba ta jure shekaru kamar ƙarfe. Shi ya sa ciwon da ya fi damunsu shi ne yoyon ruwa. Inji da yawa sun mutu saboda yoyon da bai fi ɗigon hawaye ba.

Aikin ruwa a cikin inji

Inji wuta yake ci. Fetur yana ƙonewa a cikinsa, zafi yana taruwa. Ruwa ne yake zagaya jikin injin ya kwaso zafin. Akwai ƙaramin famfo da bel yake juyawa, shi ke tura ruwan ta cikin tiyo zuwa lagireto. A nan iska da fanka suke fifita shi ya huce, sannan ya koma. Kamar dai yadda uwargida take sheƙa koko daga kwano zuwa kwano don yaro ya iya sha.

A gaban direba akwai allura mai nuna zafi. A Marsandi lafiyayya takan tsaya tsakanin 80 da 90. Idan ta doshi jan layi, to ruwa ya ragu ko ya daina zagayawa. Direba ya sauka gefen hanya ya kashe mota nan take. Kada ya ce bari in ƙarasa gida.

A nan ne ake samun haɗari. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a kan ma'auni 100. Amma murfin lagireto yana matse ruwan, har ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Da an buɗe murfin da zafinsa, ruwan zai yi tsalle da tururi ya wanke wa mutum fuska da hannu. A jira aƙalla rabin awa. A sa tsumma mai kauri, a murɗa murfin kaɗan, a bar iskar ta fita tukuna. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta har minti 20, sannan a kai shi asibiti. Ban da shafa manja ko ƙwai ko man goge baki.

Neman wurin yoyo

Wasu direbobi sun mai da galan abokin tafiya. Kowace safiya su ƙara ruwa, su ce ai motar tana shan ruwa ne. Mota lafiyayya ba ta shan ruwa. In ya ragu, to akwai inda yake bi, kuma neman wurin shi ne rabin gyara.

Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Da safe a duba inda ya jiƙe, a bi saitinsa zuwa sama. Motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki takan ɗigar da ruwa fari tas mara wari. Wannan ba yoyo ba ne. Ruwan lagireto yana da launi ko tsatsa, kuma yakan bar tabo fari kamar alli a inda ya bushe.

A fara da abu mai araha. A matsa kowane tiyo da hannu injin yana sanyi. Wanda ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsattsagewa, ya gama aiki. A duba ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon, wani lokaci ɗaurewa kawai yake bukata. A duba robar murfin lagireto. Murfin da ya saki yana barin ruwa ya fice a tururi, ba a ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Mutum ya yi ta kashe kuɗi, ashe murfi ne.

Daga nan sai famfon ruwa. Yana da ɗan rami a ƙasansa. Idan ruwa yana fitowa ta ramin, ko an girgiza kan famfon an ji yana rawa, to sai sabo. A jikin injin kuma akwai wasu ƙananan marafai na ƙarfe masu kama da kwabo. Tsatsa takan huda su.

Akwai wani wuri da ake yawan mantawa. Motocin Turai suna da ƙaramin lagireto a ɓoye a gaban direba, na ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Idan ya huje, dardumar ƙafa takan jiƙe, gilashi ya yi hazo ta ciki. Kanikawa sukan haɗa tiyo biyun da ke zuwa gare shi su kewaye shi. A ƙasa mai zafi wannan dabara ba ta da laifi, in dai an ɗaure da kyau.

Shi kansa babban lagireton, masu gyara sukan cire shi su toshe bakunansa, su hura masa iska a cikin ruwa. Inda kumfa ta taso, nan ne hujin. Haka mai faci yake yi wa tuf ɗin keke.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Lagireto iri biyu ne. Na tsohuwar Fijo na tagulla ne. Ana wanke shi, a liƙe hujin da dalma, ya ƙara shekaru yana aiki. Na Bi-but kuwa cikinsa alminiyam ne, tankunansa na roba. Wuyan da babban tiyo yake shiga yakan bushe da zafi. Ba ya ba da sanarwa. Rana ɗaya sai ya ɓalle a kan hanya, ruwan duka ya zube cikin minti kaɗan. Gam yana iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne. Sai dai a canza tankin ko lagireton gaba ɗaya. Mai sayen na hannu, ko a Panteka da ke ƙetaren kogi ko a wani wuri, ya tuna cewa robar na hannun ma ta tsufa. Ya sa a gwada shi da iska a gabansa kafin ya biya.

Direbobin hanya suna da dabaru. Wani ya cusa sabulu a huji, wani ya fasa ƙwai ko ya zuba garin rogo a lagireto. Yoyon yakan tsaya na ɗan lokaci. Sai dai hanyoyin ruwa a cikin lagireto sirara ne kamar tsinke. Abin da ya toshe huji zai toshe su su ma. Wanda ya yi haka don ya fita daga daji, ya sa a wanke lagireton da ya iso gari.

Yoyo mafi tsada shi ne wanda ba a gani. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai da ake kira gasket. Shi ne ya raba ruwa da baƙin mai da wuta. Idan mota ta yi zafi da yawa yakan ƙone. Alamarsa farin hayaƙi mai yawa daga salansa ko bayan inji ya ɗumama. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ruwan lagireto ya riƙa kumfa injin yana aiki. Kan injin Fijo 504 da na Marsandi mai fetur na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi. Don haka sa sabon gasket kaɗai bai isa ba. Sai an kai kan injin wurin masu injin goge ƙarfe, an auna, an daidaita. Bakaniken da ya tsallake wannan, motar za ta dawo masa kafin wata ya ƙare. Kuɗin wannan aiki ya ninka na tiyo sau da yawa, alhali sau tari tiyon ne mafarin abin.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a gareji. Da mota ta yi zafi sai a cire mata tamostat a yar, a ce na ƙasar sanyi ne. Tamostat ƙaramar ƙofa ce da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama. A Marsandi tana da aiki na biyu, domin ita ke rufe gajeriyar hanya ta tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In an cire ta, wani ruwan zai riƙa zagaya injin bai je ya huce ba. Idan ta lalace a sa sabuwa.

Ruwan da za a zuba

Ruwan rijiya da na rafi suna barin ƙanzo, irin wanda ake gani a gindin tukunyar mai shayi. Suna kuma kawo tsatsa. Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan. Wani an riga an sirka shi, wani kuma sai an haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta. A sa wanda ya iya karatu ya duba jikin galan ɗin. A zuba a hankali, a tada inji, a bar iskar da ta maƙale ta fita, sannan a cika. A lokacin hunturu kuma a riƙa wanke ƙura da ƙaiƙayi daga fuskar lagireto, kafin zafin Maris da Afrilu ya iso.

Wannan ruwa mai launi guba ne, ga shi da ɗan zaƙi. Yaro ko akuya ko kare na iya sha, kuma yana kashe ƙoda. Kada a ajiye shi a kwalbar lemo. Kada a zubar da tsohonsa kusa da rijiya. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Bayan gyara, mai mota ya ce a ba shi tsohon kayan da aka cire ya gani da idonsa. Kada ya kama hanyar Kachia ko ta Abuja a ranar. Ya zagaya cikin gari tare da bakaniken, idonsa a kan allura, har injin ya ɗumama sosai. Da dare ya sake shimfiɗa kwalinsa. In gari ya waye kwalin a bushe, ruwa kuma yana nan inda aka bar shi, sai ya ɗauki hanya.