Guzurin Rakesh Sharma

Kafin a harba mutum na farko zuwa sararin samaniya, akwai wata tambaya da ta hana likitocin Tarayyar Sobiyet da na Amurka sakat: shin ɗan'adam zai iya haɗiye loma a inda babu nauyin da zai ja ta zuwa ciki? Tsoronsu shi ne abincin ya tsaya a maƙogwaro ya shaƙe matuƙin, yana can shi kaɗai babu mai buga masa baya. Ƙarfe dai sun riga sun ga ya je, tun da tauraron Sputnik ya tashi ranar 4 ga Oktoba 1957. Bayan wata guda aka tura karyar nan Laika, amma zafi ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i, baiwar Allah.

Shi ya sa ranar 12 ga Afrilu 1961, da Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108, cin abinci yana cikin aikin da aka ɗora masa, ko da yake tafiyar ba ta kai a ji yunwa ba. An ba shi bututun alminiyam irin na man goge baki, ya matsa niƙaƙƙen nama a baki, ya bi da cakulan. Loma ta wuce lafiya lau. Ashe maƙogwaro da kansa yake tura abinci. Bayan wata huɗu Gherman Titov ya yini ya kwana a sama cikin Vostok 2, shi kuwa zuciyarsa ta tashi har ya yi amai, kuma shi ne mutum na farko da hakan ya taɓa samu a can.

Kanawa ma suna da ɗan rabonsu a wannan babi. Lokacin da John Glenn na Amurka ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da hukumar NASA ta kafa don bin sawun kumbonsa a Kano take. Da ya zo wucewa ya gaya wa ma'aikatan tashar yana hangen ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Hunturu ne Glenn ya gani daga sama. A wannan tafiyar shi ma ya matsa markaɗaɗɗen tuffa daga bututu.

Abinci irin wannan yana riƙe rai, amma ba ya faranta shi, kuma matuƙan ba su ɓoye ƙin sa ba. A watan Maris 1965 John Young ya saka sanwic na naman shanu a aljihun rigarsa a ɓoye, ya shiga kumbon Gemini 3. Da suka kai sama ya miƙa wa abokin tafiyarsa Gus Grissom. Grissom ya gutsura, sai ɓarɓashin burodi ya fara yawo a cikin kumbo, ya yi maza ya cusa sauran a aljihu. Ɓarɓashi a can ba ya faɗuwa ƙasa. Yana iya shiga ido, yana iya shiga na'ura. Maganar sanwic ɗin nan har majalisar dokokin Amurka sai da ta kai. Ni dai ban ga laifin Young sosai ba. Mutumin da aka ɗora a kan roka, bai san ko zai dawo ba, in ya yi marmarin abincin da ya saba ai bai nemi abu mai yawa ba.

Duk wannan gasa ce ta manyan ƙasashe biyu. Indiya tana can gefe tana rarrafe. Rokar gwaji ta farko da ta harba ta tashi ne a watan Nuwamba 1963 daga Thumba, wani ƙauyen masunta a jihar Kerala, inda wata tsohuwar coci ta zama ofishin masana, ana kuma ɗaukar wasu sassan roka a kan keke. Tauraronta na farko, Aryabhata, rokar Sobiyet ce ta kai shi sama a 1975. Sai a 1980 ta iya harba tauraro da rokar da ta ƙera da hannunta. Don haka da Mosko ta yi mata tayin kujera ɗaya a kumbonta, Indiya ta karɓa.

Aka zaɓi matuƙan jiragen yaƙi biyu a 1982, Rakesh Sharma da Ravish Malhotra, aka tura su cibiyar horar da 'yan sama jannati da ke kusa da Mosko. Suka koyi Rashanci, suka sha sanyin da ba su taɓa sani ba. A ƙarshe kujerar ta faɗa wa Sharma, ɗan garin Patiala a Punjab, wanda ya tuƙa jirgin MiG-21 a yaƙin Indiya da Pakistan na 1971. Yana da shekara 35 ranar 3 ga Afrilu 1984 da kumbon Soyuz T-11 ya tashi daga Baikonur, shi da Yuri Malyshev da Gennady Strekalov. Kashegari suka haɗe da tashar Salyut 7, inda mutum uku suke jiransu: Leonid Kizim, Vladimir Solovyov da likita Oleg Atkov.

Sharma ya yi aikin da aka aike shi. Ya ɗauki hotunan ƙasar Indiya daga sama don masu binciken ƙasa da ruwa, ya gwada motsa jiki na yoga don a ga ko zai taimaki jikin da ya rasa nauyi. Firaminista Indira Gandhi ta yi magana da shi ta talabijin, ta tambaye shi yadda Indiya take daga can, ya amsa mata da baiti daga wata waƙar Muhammad Iqbal da kowane ɗan makaranta a ƙasar ya haddace. Wannan amsar ita aka fi tunawa da shi. Amma abin da ya fi taɓa ni yana cikin kayansa.

Sharma ya tafi da abincin gida. A birnin Maisur da ke kudancin Indiya akwai wata cibiyar binciken abinci ta sojoji da a lokacin ake kira DFRL, wadda aka kafa a 1961, shekarar da Gagarin ya tashi. Su suka shirya masa guzuri iri uku. Akwai pulao, wato shinkafa dafa-duka da kayan lambu. Akwai alu chole, dankalin turawa da wani irin wake mai ƙwaya manya cikin miya mai yaji. Sai suji halwa, tsakin alkama da ake soyawa da man shanu a zuba sukari. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake abincin sarauta. Abin da uwa take dafa wa 'ya'yanta ne. Kuma bai ci shi kaɗai ba, ya raba da Rashawan da suke tare.

A duba wahalar da ke cikin aikin masu shirya wannan guzuri. Dole abincin ya daɗe bai lalace ba, babu firji. Dole ya kasance mai ɗanƙo, ya manne a cokali, kada ƙwayar shinkafa ta ɓalle ta shiga yawo. Sannan ga matsalar harshe. A sama ruwan jiki yakan taru a kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, sai abinci ya zama lami a baki. Shi ya sa 'yan sama jannati da yawa suke neman abu mai yaji. Girkin Indiya, da cittarsa da tafarnuwarsa da barkononsa, ya dace da wannan wuri fiye da yadda kowa zai zata.

Bayan kwana 7 da sa'a 21 da minti 40, Sharma ya sauka a Kazakistan ranar 11 ga Afrilu. Sobiyet ta ba shi lambar gwarzonta, Indiya ta ba shi lambar Ashoka Chakra. Kwana biyu kacal bayan saukarsa, ranar 13 ga Afrilu 1984, sojojin Indiya suka hau tsaunin ƙanƙara na Siyachin, wanda suke jayayya da Pakistan a kansa. A can, a tsayin da ya haura mita 5,000, ruwa yakan tafasa tun bai yi zafin kirki ba, wake ya ƙi nuna, sanyi kuma ya ɗauke wa mutum sha'awar ci. Ciyar da soja a irin waɗannan wurare shi ne ainihin aikin cibiyar Maisur. Guzurin Sharma reshe ne kawai na wannan aiki.

Dabarar da ta fi yi wa masanan cibiyar amfani daga baya ita ce jakar nan mai ƙyalli da ake ninka roba da alminiyam. A dafa abinci, a zuba a ciki, a liƙe bakin, sannan a saka a tukunyar matsin tururi a zafin da ya kai wajen digiri 121, har duk ƙwayar cutar da ke ciki ta mutu. Tun da iska ba ta shiga, haske ba ya shiga, abincin yakan yi watanni a kan kanta ba tare da maganin hana lalacewa ba. Sojojin Amurka ne suka fara bincike a kan jakar, 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka sun ci abinci daga cikinta, wani kamfanin Japan kuma ya fara sayar da miyar kori a cikinta a 1968. Masanan Maisur suka daidaita ta da girkin ƙasarsu, suka kuma miƙa fasahar ga 'yan kasuwa, ciki har da kamfanin MTR na Bangalor.

Duk wanda ya taɓa sayen irin wannan abinci a kantin Indiyawa ya san yadda abin yake. Kwali ne sirara, a ciki jaka mai santsi, in ka latsa ta sai ka ji waken yana motsi a ƙarƙashin yatsa. Ka jefa ta a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, ka tsamo, ka yage bakin. Tururin da ke fitowa shi yake fara gaya maka gaskiya: kurkum, albasa da aka soya har ta yi ja, da wani ɗan tsami na tumatir. Na ɗanɗana, kuma a ganina waken ya fi komai jure wannan tafiya, don yana fitowa da ƙwayarsa, yaji ya ratsa shi har ciki. Kayan lambu kuwa zafin tukunyar yakan sa su yi laushi fiye da na girkin gida, wannan kuma halin dabarar ne ko wane kamfani ya yi. Ɗalibin da ke karatu a ƙasar waje, da matafiyin da ya iso masauki tsakar dare, ba za su tsaya ƙorafin laushin karas ba.

Sharma bai sake komawa sama ba. Ya ci gaba da aikin gwajin sababbin jirage har ya yi ritaya. Indiya ta jira shekara 41 kafin wani ɗanta ya sake kewaya duniya da tutarta: Shubhanshu Shukla, shi ma matuƙin jirgin yaƙi, wanda ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yuni 2025. A cikin kayansa akwai halwar karas, da halwar wake, da ruwan mangwaro, kuma ya raba wa abokan zamansa a tashar.