Littattafai, fina-finai da batun auren jinsi: Ƙofar da muke gadi da wadda muka bari a buɗe

 

A watan Oktoban 2023, bayan mun sallame sallar asuba a masallacinmu da ke Gusau, wani dattijo mutumin Bungudu ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya zaro wani ɗan ƙaramin littafi daga aljihun rigarsa, hannunsa na rawa. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ga abin da ake koya wa jikokinmu. An ce luwaɗi ne a ciki. Samarin unguwa sun ce yau za su je makarantar su ga malamar da idonsu." Littafin shi ne Queen Primer, wanda da yawa daga cikinmu da shi muka fara haɗa baƙin Turanci.

Ba shi kaɗai hankalinsa ya tashi ba. A wannan watan ne Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana sayar da littafin, ta kuma kwashe kwafe masu yawa daga hannun 'yan kasuwa. A cikinsa ne kuma ɗan jiharmu, Sulaiman Abubakar Gumi, mai wakiltar Gummi da Bukkuyum a lokacin, ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai, majalisar ta amince a nemi gwamnatoci su hana duk littafin makaranta mai ɗauke da batun luwaɗi da maɗigo. Abin da ya fi tayar da ƙurar kalma ce mai harafi uku: "gay".

Muka roƙi dattijon ya riƙe samarin zuwa la'asar. Muka buga waya ga wani tsohon malamin firamare a Tsafe wanda ba ya jefar da takarda. Ya ɗauko tsohon kwafensa da ganyen ya koma ruwan ƙasa, ya turo mana hoton shafin. Kalmar tana nan, a inda take a sabon bugun. Kamfanin Nelson na Birtaniya ne ya fara buga littafin tun ƙarni na 19, kuma a Turancin wancan zamani ma'anar kalmar ita ce mai fara'a, mai walwala. Sai a ƙarni na 20 ta juya ta zama sunan masu neman jinsi. Jimlar da ke littafin magana take kan yara masu wasa, ba wani abu ba.

To, me za mu ce? Abu biyu, kuma kowanne gaskiya ne. Makaranta na da hujjar ajiye littafin, domin yaron yau idan ya rubuta kalmar a waya ba ma'anar zamanin Sarauniya Biktoriya zai gani ba, kuma dama littafin da ya haura shekara ɗari ya isa hutu. Amma cewa wata malama mai ɗan albashin da bai kai kuɗin buhun masara ba tana cikin wani makirci na lalata yara, wannan ƙage ne, kuma ƙage zunubi ne ko da an yi shi da kishin addini.

Hukuncin Musulunci kan aikin mutanen Annabi Luɗu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a fili yake. Ƙissarsu ta zo a Suratul A'araf da Hudu da Shu'ara'i da wasu surori, kuma mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin aikin. Aure a shari'a tsakanin namiji da mace yake. Dokar ƙasa ma, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Ba a kan wannan muke buƙatar ƙarin haske ba. Abin da muke buƙata shi ne sanin inda abin yake da gaske, da inda jita-jita ce kawai.

Inda yake da gaske shi ne ƙasashen Yamma. A Amurka watan Yuni ne watan bukukuwan masu neman jinsi, tunawa da tarzomar Stonewall ta 1969 a birnin New York. A wannan watan ɗakunan karatu na gwamnati da dama kan ware kantoci na littattafan da suka shafi rayuwarsu, su shirya laccoci, su haska fina-finai a zaurukansu kyauta. A 2015 aka fara wani shiri a San Francisco inda maza masu shigar mata ke karanta wa ƙananan yara labarai a ɗakin karatu, daga nan ya bazu zuwa wasu garuruwa. Masu shirya waɗannan abubuwa suna da hujjarsu, kuma adalci ne a faɗe ta yadda suke faɗa: sun ce ɗakin karatu na kowa ne tunda da harajin kowa aka gina shi, kuma matashin da yake jin kansa daban yakan shiga ƙunci har ya yi tunanin kashe kansa idan bai ga mai irin halinsa ba. Ba mu yarda da maganin da suka kawo ba. Amma ƙuncin da suke magana a kai ba ƙarya ba ne, za mu dawo kansa.

Abin lura shi ne yadda Musulmin can suka tunkari lamarin. A gundumar Montgomery ta Jihar Maryland, hukumar makarantu ta shigar da irin waɗannan littattafai cikin darasin yara, sannan a 2023 ta janye damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga ajin a lokacin. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗu suka kai ƙara. Ba su ƙona makaranta ba, ba su taɓa malami ba, ba su ma nemi a kwashe littattafan ba. Cewa suka yi a sanar da su, a kuma bar su su janye 'ya'yansu. Ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayansu da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. 

Ta fannin fim, abin ya iso nahiyarmu. A 2018 hukumar tace fina-finai ta Kenya ta hana fim ɗin Rafiki na Wanuri Kahiu, sai wata kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai, mutane suka cika gidajen silima a Nairobi. A 2020 aka yi Ife a Najeriya, labarin soyayyar mata biyu. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta yi gargaɗi, masu fim ɗin ba su je silima ba, suka sake shi ta intanet. A nan darasin yake. Hani ya tsare ƙofar silima, fim ya shigo ta taga.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu taɓa jin wani ɗakin karatu a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya shirya irin wannan taro ba, kuma tun bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoban 1999 babu mai tunanin haska irin wannan fim a bainar jama'a. Matsalar ɗakunan karatunmu daban ce: ƙura, da rashin wuta, da rashin masu shiga. Ɗakin karatun da 'ya'yanmu ke shiga kullum yana cikin aljihunsu. Majigin da suke kallo yana shagon mai cajin waya, inda da 'yan kuɗi kaɗan ake tura wa yaro fina-finan Indiya da na Koriya da na Amurka cike da katin waya, babu mai tambayar shekarunsa, shi mai shagon ma bai san rabin abin da ya tura ba. Ga TikTok, ga littattafan batsa da ake rubutawa da Hausa ana sayarwa a zaurukan WhatsApp da Telegram, waɗanda ba Bature ne ya rubuta su ba. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan a watan Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, iyaye da dama sun ce mana a makonnin nan ne suka fara jin muryar 'ya'yansu bayan isha'i. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ke yi mana reno.

Mu masu hawa mumbari muna da namu laifin, kuma gara mu faɗa da bakinmu. A watan Yulin 2024, da wata babbar jarida ta ba da labarin cewa yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta tilasta amincewa da auren jinsi, huɗubobi nawa aka yi a ranar Juma'ar farko? Mu nawa ne muka karanta yarjejeniyar? Daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa. Ita ta nemi afuwa. Mu ba mu ji wanda ya koma mumbarinsa ya gyara ba. Alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat, mai umarni da bincike kafin ɗaukar labari don kada a cutar da mutane cikin jahilci a koma ana nadama, mu ne muke karantar da ita.

Akwai iyakokin da shari'a ta gindaya waɗanda zafin kishi ke sa a tsallake. Na farko ƙazafi. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai jifan mutum da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, kuma Ibn Abi Zaid a cikin Risala, littafin da ke kowane zaure a ƙasar nan, ya bayyana cewa wanda ya kira wani da sunan mai luwaɗi haddi ya hau kansa. Sai ga shi yau a makarantun kwana da ɗakunan kwanan ɗalibai ana jifan yaro da wannan kalma don muryarsa siririya ce, ana jifan 'yan mata biyu don sun shaƙu. Yarinyar da aka yi wa wannan tambari a Tsafe, wa zai je neman aurenta? Na biyu leƙen asiri, wanda aya ta 12 a Hujurat ta hana. Na uku ɗaukar doka a hannu. Hukunci aikin alƙali ne, da shaidu da sharuɗɗa masu tsanani. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a ba su labarin abin da gungun fusatattu ke yi; mun ga rayuka takwas da suka salwanta a Talata Mafara a watan Agustan 2016 a kan zargin da ba a kai gaban kotu ba.

Sai batun da muka ce za mu dawo kansa. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa wurinmu da dare, ya daɗe yana kallon tabarma kafin ya iya cewa yana jin abin a zuciyarsa, bai taɓa aikatawa ba, kuma yana ganin Allah Ya riga Ya tsine masa. Muka gaya masa abin da ya tabbata a Buhari da Muslim, cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Jarrabawa ce, mai haƙuri da ita yana da lada, kuma sahun salla nasa ne kamar na kowa. Irin wannan yaro idan bai sami malamin da zai saurare shi ya rufa masa asiri ba, zai sami mai sauraronsa a intanet cikin daƙiƙa biyar. Uban da ɗansa ke tsoron ya kawo masa irin wannan magana ya riga ya miƙa shi ga wani.

Abin da ya rage aikin hannu ne. Iyaye su karɓi jerin littattafan zango su duba, wanda bai iya Turanci ba ya kai wa wanda ya iya, kafin a tara jama'a. Kada waya ta kwana a ɗakin yara, a kuma raba musu shimfiɗa idan sun kai shekara goma kamar yadda hadisin Abu Dawud ya koyar. Masu shagunan tura fina-finai 'ya'yanmu ne, suna sahu ɗaya da mu. A zauna da ƙungiyarsu. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, muna roƙon kada a tsaya kan fenti da rufi, a sa ɗakunan karatu a lissafi. Kafin nan, kowane masallacin Juma'a yana da kusurwar da za ta ɗauki kanta biyu na littattafai da fitila mai aiki da hasken rana. Mun gwada a namu, da littattafan sira da tarihi da na labarai da kimiyya. Ranar Alhamis wuri ba ya isa.

Da la'asar ɗin ranar muka tafi makarantar tare da dattijon da biyu daga cikin samarin. Malamar ta riga ta ji labari, mun same ta ta haɗa jakarta, idonta ya yi ja. Muka nuna hoton tsohon shafin, muka yi bayani. Shugaban makarantar ya ce zai canza littafin a zango mai zuwa, ya kuma canza. Dattijon ya cire hularsa ya ce mata: "'Yata, ki yafe mana." Ta ce ta yafe. Amma zangon bai ƙare ba ta ajiye aikin, domin a unguwarsu an riga an laƙaba mata suna.